Sarewar Kwano: Sirrin Na Cikin Awo

Duk wanda ya taɓa sauraron kiɗan gargajiya na mutanen ƙasar Ayilan, da wuya bai ji muryar wata 'yar siririyar sarewa mai huji shida ba. Ita ce sarewar kwano, wadda wani ɗan ƙodagon gona mai suna Robert Clarke ya fara ƙerawa da yawa a Ingila a wajajen 1843, kuma ita ce daga baya yaran unguwannin baƙar fata na Afirka ta Kudu suka raya kiɗan kwela da ita a shekarun 1950. Arha ce ta kai ta hannun talaka, amma a yau akwai maƙera masu yin ta da hannu, suna sayarwa da tsada. Shin me mai saye yake biya, ƙarfen ko gwaninta?

Abin lura na farko shi ne, ba bangon sarewar ne ke yin kuka ba, iskar da ke cikinta ce. Tsawon bututun ke yanke ƙasan muryarta. Wadda aka fi busawa tsawonta kimanin santimita 30 ne. Matsalar tana ɓullowa ne idan mai busa ya ƙara ƙarfin numfashi domin muryar ta haura hawa na biyu. A bututun da faɗinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, wannan hawan yakan ɗan gaza kaiwa inda ya kamata, sai mai busa ya cike giɓin da huhunsa. Shi kuwa Clarke naɗe fallen kwano ya yi, bututun yana tsukewa zuwa ƙasa, kuma wannan tsukewar tana taimakawa wajen daidaita hawan biyu.

Haka su ma hujojin. Ƙaramin huji yana sauke murya, babba yana ɗaga ta, sa'annan kaurin bango yana ƙara wa hujin zurfi, tamkar an ƙara wa bututun tsawo. Saboda haka maƙerin da ya kwafi awon sarewar tagulla mai siririn bango ya ɗora a kan katako mai kauri, to ya tafka kuskure tun kafin ya busa.

To ina matsayin ƙarfen kansa? A 1971 masanin kimiyya John Coltman ya gwada sarewu masu siga ɗaya na azurfa da jan ƙarfe da katako, masu sauraro suka kasa bambance su. Tasirin ƙarfe ta bayan gida yake shigowa: santsin cikin bututu, da kaifin bakin da ke tsaga iska, da kuma zafi. Sauti ya fi sauri a iska mai ɗumi, don haka sarewar ƙarfe mai sanyi takan fara da murya ƙasa-ƙasa har sai numfashi ya ɗumama ta. Dalilin ke nan da maƙera da dama ke yin kan da ake iya ja ko turawa.

Makiyayin da ke fafe sarewarsa ta kara a dajinmu wannan ƙa'idar yake bi, ko da bai san sunanta ba. Shawarata ga mai saye ita ce, kada ƙyalli ya ruɗe shi. Ya ɗumama ta, ya busa hawan biyu, ya bar kunnensa ya yanke hukunci.