Daga dandalin Damargu zuwa Takobi: ina makaranta a tafiyar ɗan kokowa?

Idan kaka ta yi a Damargu, gero ya shiga rumbu, sai ka ji kiɗa ya tashi da dare a Gangara, Olelewa ko Tarka. Samari sun ɗaura walki, an yi da'ira, ana gwada ƙashi. A nan kowane ɗan kokowa yake fara shan ƙasa, a nan kuma yake koyon kayarwa. Babu takarda, babu mai horaswa sai wani yayansa da ya riga shi shiga fage.

Wanda ya gagari tsaransa a ƙauye, sunansa zai kai Tanut ko Balbeji. Daga nan sai zaɓen jiha a Damagaram, inda filin kokowa ke ɗauke da sunan Langa-Langa. Mutum goma kacal jihar ke fitarwa, su haɗu da na sauran jihohi bakwai, su zama tamanin masu neman Takobi ɗaya. Tun 1975 aka fara wannan gasa a Tawa, zamanin Seyni Kunce, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar Takobin. A ƙarshen 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi karo na shida. To, ka ga hanya akwai ta, kuma tana iya kai mai ƙarfi inda bai zata ba.

Amma bari mu leƙa wata ƙasa mu ga yadda suke rainon masu ƙarfinsu. A Amurka akwai ƙwallon da ake runguma a gudu da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. Cikin masu tsaron baya akwai wanda ake kira lainbaka. Yana tsayawa bayan sahun gaba, yana karanta motsin abokan hamayya, da ya hango mai ɗauke da ƙwallo sai ya cafke shi ya kai ƙasa. Aikinsa da na ɗan kokowa ɗanjuma ne da ɗanjummai: ƙarfin ƙugu, saurin ido, sanin lokacin kamu.

Bambancin yana ga hanya. Can, yaro yana farawa ne a ƙungiyar makarantar sakandare. In ya yi fice, jami'a ta ɗauke shi ta biya masa kuɗin karatu, bisa sharaɗin cewa in makinsa ya faɗi, wasa ma ya tsaya. Sai ya cika shekara uku da barin sakandare kafin ƙungiyoyi 32 na babbar gasar ƙasar, NFL, su iya zaɓarsa. Dubi Jeremiah Owusu-Koramoah, wanda mahaifinsa ɗan Gana ne: daga sakandare a jihar Bajiniya ya tafi jami'ar Notre Dame, a 2020 aka ba shi kyautar lainbakan da ya fi kowa a jami'o'in ƙasar, a 2021 ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi. A 2024 ya ji rauni a wuya, ya bar fili har ƙarshen kakar wasa. Jiki ke nan, ba ya shawara da mai shi.

Su kansu Amurkawa sun san cewa cikin 'yan wasan jami'a ɗari, waɗanda ke kai wa ga babbar gasa ba su cika biyu ba. Sauran kuwa, ko ba komai, sun zauna a aji. Mu fa? Cikin ɗaruruwan samarin da ke zage damtse a Damargu, nawa za su shiga goman Damagaram? Wanda bai shiga ba, ko wanda gwiwa ta ci amanarsa yana ɗan shekara talatin, me ya rage masa? Gona ce, in damina ta yi kyau. In ba ta yi ba, sai cin rani.

Ba cewa muke a kwaikwayi Amurka ba. Kokowa tamu ce, da kirarinta da makaɗanta, ba ta buƙatar hular kwano. Abin ɗauka ɗaya ne: kada a raba fage da aji. Malaman lakwal na iya shirya gasa tsakanin makarantu bayan girbi, da sharaɗin sai mai zuwa aji zai shiga. Magadan gari na iya sa kyautar ta zama littattafai da kuɗin karatu. Tsofaffin 'yan kokowa kuwa su zama masu horaswa, a biya su ladan wahalarsu.

Iyaye, in ɗanku na da ƙashi, ku bar shi ya shiga fage da dare, amma ku tashe shi da safe ya ɗauki jakarsa. Takobi na mutum ɗaya ne a shekara, karatu kuwa ya ishi kowa.