Tafkin da makomarsa ke bisa tsauni: yadda dusar ƙanƙara ke yanke wa masu jiragen ruwa hukunci a Amurka

A tsakiyar shekarar 2022, duk mai son sauke jirginsa a tafkin Mead, kusa da birnin Las Vegas, dole ya nufi wuri guda, wato Hemenway Harbor. Sauran gangaren kankare da aka gina domin sauke jiragen ruwa duk an rufe su, domin ruwa ya ja da baya ya bar su a tudu. A watan Yulin shekarar, tafkin ya sauka zuwa kimanin ƙafa 1,040 sama da matakin teku, alhali in ya cika yakan kai ƙafa 1,229. Abin da ya rage a cikinsa bai wuce kashi 27 cikin ɗari ba.

Wanda ya tsaya a bakin tafkin yana duban sama ko hadari zai taso, ya duba inda ba nan ba ne. Mead yana cikin hamada ne, a iyakar jihohin Nebada da Arizona, kuma ruwan saman da ke sauka a yankin bai taka kara ya karya ba. Madatsar Hoover, wadda aka kammala a 1936, ita ce ta tare Kogin Kolorado ta haifar da tafkin. Mafi yawan ruwan kogin kuwa daga dusar ƙanƙarar da ke taruwa bisa tsaunukan Roki yake fitowa, a jihohin Kolorado da Wayomin da Yuta, ɗaruruwan kilomitoci daga nan.

Tsaunukan tamkar rumbu ne. Dusar kan yi ta jibgewa a hunturu har ta kai ƙololuwa wajen farkon Afrilu, sannan ta narke ta gangaro tsakanin Afrilu da Yuli. Ruwan yakan fara shiga tafkin Powell, wanda madatsar Glen Canyon ta tare a 1963, daga can kuma a sake shi zuwa Mead.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shi ya sa masu hayar jiragen shaƙatawa da masunta ke sa ido kan alƙaluman tsauni tun cikin Janairu. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da ɗaruruwan tashoshin awo da ake kira SNOTEL. A kowace tasha akwai wata shimfiɗa mai auna nauyin dusar da ta kwanta a kanta, domin yawan ruwan da ke cikin dusar shi ne abin lura, ba tsayinta ba.

Sai dai dusa ba alkawari ba ce. A 2021 ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da aka saba, amma ruwan da ya isa Powell bai kai sulusin na kullum ba. Ƙasar da ta bushe tun shekarar da ta gabata ita ta fara shan rabonta, zafi da iska suka kwashe nasu. Ƙurar hamada da ke sauka bisa dusar ma tana rage mata haske, ta sa ta narke da wuri.

Ga mai jirgi, kowace ƙafa da ruwa ya sauka tana da farashi. Inda gaɓa ke da shimfiɗa, ƙaramar raguwa kan janye bakin ruwa da nisa, sai hukumar kula da gandun shaƙatawa ta tsawaita gangare ko ta ja tashar jirage zuwa wuri mai zurfi. Duwatsun da a da ake bi ta kansu ba fargaba sukan taso dab da saman ruwa, su zama tarko ga farfelar inji. A Powell an rufe tashar Dangling Rope a 2021, wadda ita ce wurin shan mai a tsakiyar dogon tafkin. A Mead kuwa, jiragen da suka nutse shekaru da dama sun bayyana a fili.

Lamarin ya wuce shaƙatawa. Mutane kusan miliyan 40 a jihohi bakwai da ƙasar Meziko ne ke dogaro da kogin, kuma tun yarjejeniyar 1922 aka raba ruwansa fiye da abin da yake iya bayarwa a yawancin shekaru. A Agustan 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a ƙasan kogin karo na farko, aka zabtare wa Arizona kimanin kashi 18 na rabonta. Ke nan matakin tafki ba ga yanayi kaɗai ya dogara ba, har da shawarar jami'an da ke buɗe ƙofofin madatsa domin gonaki da birane da wutar lantarki. Mai jirgi shi ne na ƙarshe a wannan layi.

A Fabrairun 2023 Powell ya faɗi zuwa kimanin ƙafa 3,520, saura ƙafa 30 kacal injinan lantarkinsa su tsaya. Sai ga hunturun shekarar ya zo da dusa mai tarin yawa, tafkin ya ƙaru da fiye da ƙafa 60 kafin ƙarshen Yuli, aka sake buɗe wasu gangarorin. Duk da haka bai kai rabin cikarsa ba. Farin zoben da ruwa ya bari a jikin duwatsun gaɓa yana nan, yana nuna cewa bashin farin fiye da shekara 20 ba hunturu ɗaya ne zai biya shi ba.