Ciwon ciki mai soka har baya: yadda ake rage zafinsa

Akwai wani ciwon ciki da mutane da yawa ke ɗauka gyambon ciki ne, alhali kuwa ba shi ba ne. Yana fitowa daga wata tsoka mai laushi da ke kwance a bayan tumbi. Likitoci na kiran ta pankereyas. Tsawonta wajen santimita 15 ne.

Aikinta biyu ne. Tana fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman mai. Tana kuma fitar da insulin, wanda ke daidaita sukari cikin jini.

Idan ta daɗe tana kumbura, sai ta yi tabo, hanyar ruwanta ta ƙuntace, wani lokaci tsakuwa ta toshe ta. Manyan abubuwan da ke kawo haka su ne giya da taba. Wasu kuma gado suke yi, ko da ba su taɓa shan komai ba.

Yaya za mu gane shi?

Zafin yana kama saman ciki, ya soka har baya. Yana ƙaruwa bayan cin abinci mai maiƙo. Maras lafiya yakan ji sauƙi in ya zauna ya duƙa gaba. Bayan-gidansa yakan yi maiƙo da wari ƙwarai, kuma yana ramewa. Daga baya ciwon sukari na iya biyowa.

Wurin da ya lalace ba ya komawa yadda yake. Amma ana iya rage zafin, a kuma kare sauran.

Me ya kamata mu yi?

1. A bar giya da burkutu kwata-kwata. A bar sigari da tabar baka.

2. A ci abinci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, kada a cika ciki lokaci guda. Kunu, fura da nonon da aka cire wa mai, tuwon hatsi, wake, zogale da gasasshen kifi duk suna da kyau. A rage ƙosai, fanke, kitse, man shanu da man gujiya. Amma kada tsoron zafi ya sa a bar cin abinci.

3. A sha maganin da likita ya rubuta kaɗai. Galibi da parasetamol ake farawa. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana ɗaya, don fiye da haka yana ɓata hanta. Wanda ya rame ko ya daɗe yana shan giya, nasa bai kai haka ba.

4. Akwai ƙwayoyin da ke maye gurbin ruwan narkar da abinci. Tare da abinci ake haɗiye su.

Hattara da maganin talla

Wanda zafi ya dama yakan nufi mai tallar magani a kasuwa. Nan haɗari yake. Ibuporofen da dikolofenak, in an yawaita su, suna cin tumbi, suna ɓata ƙoda. Tiramol kuwa yana kama mutum har ya kasa barin sa, kuma yawansa na kawo farfaɗiya. Likita ne kaɗai zai ce a sha shi, ya kuma faɗi adadi.

Yaushe za a garzaya likita?

In amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko ido ya yi rawaya, ko ƙishirwa da fitsari suka yawaita, kada a kwana gida. A manyan asibitoci, kamar na Yamai, Zinder da Maraɗi, ana duba ciki da na'ura. In an ga hanya ta toshe, wani lokaci aikin buɗe ta ne ke kawo sauƙi.

Mu kuma iyali, mu riƙa ɗibar wa maras lafiya miyarsa kafin a zuba mai. Kada mu ce raki yake yi, domin wannan zafi ba a ganin sa da ido. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.