Daga aji ko shago zuwa aikin fasaha: Abin da jagora ke yi wanda kwas ba ya yi

A ƙarshen shekarar 2023 ne Ma'aikatar Sadarwa ta Najeriya, ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a sana'o'in fasahar zamani. Kashin farko ya ɗauki mutum 30,000, na biyu kuma 270,000. Ba a ce sai wanda ya karanta kwamfuta a jami'a ba, don haka malaman makaranta da akantoci da masu shaguna suka samu ƙofar shiga.

Sai dai shiga daban, ƙarewa da aiki a hannu daban.

Darasi ba shi ne ya yi ƙaranci ba. YouTube da freeCodeCamp cike suke da shi, kuma kyauta. Yawansa ma shi ke ɓatar da sabon shiga: ya fara Python, bayan mako biyu ya ji an ce tsaron intanet ya fi kawo kuɗi, ya koma can, daga nan kuma sai zanen manhaja. Shekara ta zagayo, kuɗin data ya tafi, babu aiki ko ɗaya da zai nuna wa mai ɗauka. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

Tsarin da ke maganin wannan ba baƙo ba ne. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, babu wanda ya ƙware a gyara da kallo kawai. Yaro kan zauna gefen ubangidansa, ya ɓata, a gyara masa, har ranar da za a miƙa masa wayar kwastoma.

Jagora na gari a harkar fasaha yakan fara da tambayar aikin da mutum yake yi yanzu, domin nan jarinsa yake. Akantan da ya saba da Excel ya riga ya yi nisa a hanyar nazarin bayanai, abin da ya rage masa shi ne SQL da manhaja irin Power BI. Ma'aikaciyar jinya ta san yadda bayanan marasa lafiya ke ɓacewa tsakanin kati da rajista, abin da mai rubuta manhaja bai sani ba. Wanda ya karanta Hausa kuwa, da ake yi wa kallon ba shi da rabo, masu bincike irin na HausaNLP da Masakhane na buƙatar irinsa wajen tattarawa da tantance rubutun da ake koya wa na'ura harshe da shi.

Sannan jagora yana duba aikin da ɗalibi ya ɗora a GitHub, ya nuna masa inda ya kwafsa ba tare da kara ba. Bidiyo ba ya yin wannan.

Shawara mafi tsada kuma sau da yawa ita ce: kada a ajiye aikin hannu tukuna. Koyon na cin watanni, akwai kuɗin kwamfuta, ga rashin wuta, ga cefanen gida da ba ya jira. Tun da manhajoji irin ChatGPT suka fara yin ƙananan ayyukan da a da ake bai wa sabbin shiga, samun aikin farko ya ƙara wuya.

A ina ake samun jagora? Arewa Data Science Academy na koyarwa kyauta ta intanet tare da masu bibiyar ɗalibai. A Kaduna akwai cibiyar CoLab da Sanusi Ismaila ya kafa a 2016. She Code Africa na haɗa mata da ƙwararru. Tarukan DevFest da ake yi a birane irin Kano su ma wurin haɗuwa ne.

Akwai kuma 'yan damfara, musamman a Telegram da TikTok, masu alƙawarin albashin dala cikin wata guda idan aka biya kuɗin rajista. Wanda bai iya nuna aikin da ya yi da hannunsa ba, ko ɗalibin da ya yaye, a yi hattara da shi.

Su kuwa ƙwararrun na gaskiya, yawancinsu bayan sun tashi aiki suke taimakawa. Saƙon "ina son shiga harkar fasaha, a taimaka min" ba kasafai yake samun amsa ba. Wanda ya turo aikin da ya fara, ya nuna layin da ya maƙale da abin da ya riga ya gwada, shi aka fi saurin amsa wa.