Ido daga sama a kan hayaƙin wutar daji

Damana ta wuce, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Wannan shi ne lokacin wutar daji a ƙasarmu, musamman a wuraren kiwo na arewacin Tawa, Maraɗi da Damagaram. Mun san ɓarnar da take yi wa abincin dabbobi. Abin da ba mu cika kula da shi ba shi ne hayaƙinta, wanda yake zuwa inda harshen wuta bai kai ba.

A yau ana bin sawun wannan hayaƙi daga sararin sama. Akwai na'urorin da ake kira tauraron ɗan Adam. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Meteosat, yana nisan kilomita 36.000, yana ɗaukar hoton Afirka sau da yawa a cikin awa guda. Wasu kuma suna kewaya duniya a nisan kilomita 800 ko kusa da haka, suna ratsa samanmu dare da rana. A Yamai, cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana cikin masu aiki da irin waɗannan hotuna.

Yaya ake gane wuta daga nesa haka? Na'urar tana auna zafi. Duk inda zafi ya yi fice, sai a sa jan ɗigo a kan taswira. Hayaƙi kuwa yakan fito toka-toka, siriri a bakin wuta, yana faɗaɗa kamar wutsiya. Wannan wutsiya ce ke nuna inda iska ta nufa. Ƙurar hunturu ba haka take ba: launin ƙasa gare ta, kuma takan lulluɓe yanki gaba ɗaya. Idan aka jera hoton safe da na yamma, sai a ga garuruwan da hayaƙin zai riska.

Tafiyar hayaƙi tana da ban mamaki. A watan Yuni na 2023, hotuna sun nuna hayaƙin dazuzzukan Kanada ya ƙetare teku har ya isa Turai. To, ina ga kilomita 50 tsakanin daji da ƙauye?

A cikin hayaƙi akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke shiga can cikin huhu. Jarirai, tsofaffi, mata masu juna biyu da masu ciwon fuka su suka fi wahala. Idan hayaƙi ya rufe gari, mu shigar da su ɗaki, mu rage aikin ƙarfi a waje. Wanda numfashi ya yi masa wuya, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Sai dai na'urar tana da iyaka. Gajimare da ƙura mai kauri suna rufe mata ido, ƙaramar wuta kuma takan kuɓuce mata. Don haka wanda ya hango hayaƙi a daji, ya gaggauta sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji.