HOTON ASIBITI: A ADANA NA JIYA KAFIN A ƊAUKI NA YAU

Ƙasar Karakara ƙasar bakin iyaka ce. A da tana cikin yankin Gaya, amma tun shekarar 2011 aka maida ta ƙarƙashin Junju, cikin jihar Dosso. Gabas da ita Najeriya ce. Can kudu kuma, bayan Gaya, in an haye kogin Kwara an shiga Malanbil ta ƙasar Benin. Mutanen wannan yanki sun saba da cin kasuwa a ƙasa uku. Haka kuma suke neman magani a ƙasa uku.

In ciwo ya kama manomi, zai fara da likitar garinsu. In bai ji sauƙi ba ya tafi Gaya ko Dosso. Ya dawo gida, sai wani ɗan uwa ya ce ai na Birnin Kabi sun fi iyawa. Wani ya ce a'a, Sakkwato. Wani kuma ya ce shi dai Tangiyeta ta Benin ya sani. Duk inda ya je, magana ɗaya ce: a je a yi radiyo, wato hoton cikin jiki. Shi kuwa hoton da aka yi masa a wata uku da suka wuce yana can gida, ko ya ɓata a mota, ko gara ta ci. Ta haka ƙirji ɗaya yake shan hoto uku ko huɗu cikin rani guda.

Asarar kuɗi kowa ya gan ta, don wani sai ya sayar da akuya ya biya. Amma akwai wata asarar da ido ba ya gani.

MENE NE RADIYO?

Radiyon asibiti ba akwatin sauraren labarai ba ne. Wani irin haske ne da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka kamar yadda rana ke ratsa tsohuwar zana. Ƙashi yana tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi a 1895. Hannun matarsa ya ɗauka, aka ga ƙasusuwa da zobenta. Duniya ta yi mamaki, kowa na son ya ga cikin jikinsa.

Ba a daɗe ba aka gane abin yana da dafi. A Amurka akwai wani ma'aikaci mai suna Dally, wanda kullum yake sa hannuwansa gaban hasken wajen gwajin na'ura. Fata ta ƙone, gyambo ya ƙi warkewa, ya zama ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Aka yanke masa hannu biyu, bai tsira ba, ya mutu a 1904.

Wannan haske dangi ɗaya ne da wanda ke fita daga uraniyom, ƙarfen nan da aka fara fitarwa daga Arlit a 1971. Yadda yake ɓarna kuwa shi ne: jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. In hasken ya ratsa, yakan taɓa wasu. Yawancinsu jiki yana gyara su da kansa. Amma jefi-jefi gyaran ba ya yin daidai. Ƙwayar da ta lalace tana iya yin shiru shekara 5, ko 10, ko 20, sannan ta tashi ta zama ciwon daji.

Hasken ba ya zama cikin jiki. Da an kashe na'ura ya wuce. Wanda aka yi wa radiyo ba ya shafa wa iyalinsa kome, kuma babu nono ko jiƙo da ke wanke shi, don babu abin wankewa. Abin da ke taruwa shi ne kasadar. Kowane sabon hoto yana ƙara kaɗan a kan na baya.

A AUNA DA TIYA

Masana suna da ma'aunin wannan haske, sunansa milisibat. Radiyon ƙirji guda ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma na milisibat. Don lissafi ya yi sauƙi, a ɗauka radiyon ƙirji tiya 1 ce.

Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana samun irin wannan haske daga ƙasa, da duwatsu, da sama, da abinci. Haka Allah Ya yi duniya. A shekara yakan kai wajen tiya 24. Ke nan radiyon ƙirji ɗaya daidai yake da abin da mutum ke samu yana zaune gidansa mako biyu. Na hannu ko na tafin ƙafa ma bai kai cikin tafi ba. Wannan ba abin tada hankali ba ne.

Amma akwai babbar na'ura da ake kira sikanar, wadda ake samu a manyan asibitoci kamar na Yamai da Sakkwato. Mutum yana kwance ake tura shi cikin wani babban zobe, hasken yana zagaya shi. An fara aiki da ita a birnin Landan a 1971. Tana gani ƙwarai da gaske, har jinin da ya taru cikin kai. Sai dai awonta da nauyi. Sikanar na kai wajen tiya 20 ne. Na ƙirji wajen tiya 70, buhu biyu ba kaɗan. Na ciki yana kai tiya 80 zuwa 100, wato abin da mutum zai tara cikin shekara 3 ko 4, an ba shi cikin ƴan mintoci.

Eko kuwa, wanda ake shafa wa mai ciki mai a goga mata wani ɗan abu a ciki, ba ya cikin wannan lissafi. Shi da sauti yake aiki, ba da wannan haske ba. Haka ma wata babbar na'ura mai aiki da maganaɗisu, wadda ake kira IRM.

YAYA AKA SANI?

Ba zato ba ne, ƙidaya aka yi. Kafin a samu maganin tarin fuka, daga wajen 1930 zuwa farkon shekarun 1950, a Kanada da Amurka ana duba huhun masu tari da radiyo a kai a kai. Wasu mata an haska musu ƙirji fiye da sau 100. Bayan shekaru aka bi sawunsu. Aka tarar ciwon dajin nono ya fi yawa cikinsu, musamman waɗanda aka haska tun suna ƴan mata.

A 1956 wata likita a Ingila mai suna Alice Stewart ta bincika yaran da ciwon daji ya kashe. Ta gano yaran da aka yi wa uwayensu radiyon ciki lokacin da suke ɗauke da su sun fi sauran kamuwa, kusan ninki biyu. An yi ta musu da ita shekara da shekaru. Daga baya gaskiyarta ta fito, aka daina yi wa masu ciki radiyo barkatai.

A 2012 kuma aka fitar da sakamakon bin sawun yara kusan 180,000 da aka yi wa sikanar a Birtaniya. Ga abin da aka samu: cikin yara 10,000 ƴan ƙasa da shekara 10 da aka yi wa sikanar na kai sau ɗaya, ana samun ƙarin yaro 1 mai ciwon dajin jini, da yaro 1 mai ƙari a ƙwaƙwalwa, cikin shekara 10 da suka biyo baya. Biyu cikin dubu goma kaɗan ne. Amma an ga in aka maimaita sau da yawa, kasadar tana iya ninkawa uku. Yaro ya fi babba jin abin, don jikinsa yana cikin girma, kuma shekarun da ke gabansa suna da yawa. Ɗanyen kara ya fi busasshe saurin lanƙwasa.

A Amurka abin ya wuce kima. A shekarar 2023 kaɗai sun yi sikanar miliyan 93, har masanansu suka ƙiyasta cewa wannan zai jawo ciwon daji wajen 100,000 nan gaba. Karakara ba Amurka ba ce. A nan mutane da yawa har su tsufa ba a taɓa yi musu hoto ba, wasu ma rashinsa ne ke kashe su. Matsalar bakin iyaka daban ce: wanda ke bukata bai samu ba, wanda ya samu kuma ana ta maimaita masa abu ɗaya.

KADA TSORO YA HANA HOTON DA YA WAJABA

Wanda ya karanta wannan ya ce shi da radiyo har abada, bai fahimta ba. Yaro ya faɗo daga bisa amalanke ko kabu-kabu, kansa ya bugu, ya suma, ko yana ta amai, ko yana barcin da ba a iya tada shi, ko jini na fita ta kunne: wannan in lokotoro ya ce sikanar, a yi shi yau, kada a jira gobe. Jinin da ya taru cikin kai yana kisa cikin yini guda. Kasadar hasken kuwa ƴar kaɗan ce, kuma mai nisa. Haka makiyayin da sa ya tunkuya a ƙirji, ko wanda ya karye kusa da gaɓa. Ko da ma'ɗori za a kai shi, sanin yadda ƙashin ya karye yana hana gurgunta.

Inda ake kuskure shi ne ɗaukar hoto kamar magani. Akwai masu ganin in ba a sa su a na'ura ba, lokotoro bai duba su ba. Har su matsa, su ce ga kuɗinsu. Hoto ba ya warkar da kome, gani kawai yake yi. Ciwon bayan da ke biyo noman farko yawanci yana lafawa cikin ƴan makonni, ba ya bukatar radiyo. Sai fa in ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ga zazzaɓi da rama. Ciwon kai na yau da kullum ba ya bukatar sikanar. Mai tarin da ya wuce mako biyu, a gwada majinarsa. In tarin fuka ne, magani kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma da gwajin majina ake bin sauƙinsa, ba da sabon hoto kowane wata ba.

MAI CIKI TA FAƊA

Nan ne kunya ke yin ɓarna. Amarya mai cikin fari ba ta son faɗa, balle gaban suruka ko ƙanen miji da ya yi mata rakiya. Ciki na wata ɗaya ko biyu kuma ba ya nunawa. Ma'aikaci ya tambaya, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka babu. To, watannin farko su ne lokacin da ake halittar gaɓoɓin ɗa. Macen da ke da ciki, ko wadda al'adarta ta yi jinkiri, ta faɗa kafin ta shiga ɗakin hoto. In tana jin nauyi ta raɗa wa ungozoma ko wata ma'aikaciya. Ƴan rakiya su ma su ja baya, su ba ta wuri.

Faɗar ba ta nufin za a hana ta magani. Lokotoro zai duba ko eko ya isa, ko a dakata, ko a yi hoton da dabara. Wadda aka riga aka yi wa radiyon ƙirji ko na ƙafa ba ta san tana da ciki ba, kada hankalinta ya tashi, abin da ya kai ga ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ta dai gaya wa ungozoma ranar awo. Shi kuwa eko, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana son kowace mai ciki ta yi shi sau ɗaya kafin ciki ya kai mako 24.

A ɗakin hoto, mai aikin yana laɓewa bayan bango kafin ya danna. Ba wulaƙanci ba ne. Majiyyaci sau ɗaya yake sha, shi kuwa kullum yana wurin. Ƴan rakiya su jira waje. In yaro ne sai an riƙe shi, mutum ɗaya ya isa, a ba shi rigar dalma ya sa, kuma kada ya zama mace mai ciki.

HOTO BA YA JIN FARANSANCI

Wasu suna barin hoton Gaya a gida in za su Najeriya, wai can Ingilishi suke yi, ba za su iya karantawa ba. Takardar bayani ce ke da harshe. Hoton kansa ba shi da harshe. Lokotoron Birnin Kabi zai ɗaga hoton Dosso ya karanta sarai, haka na Dosso zai karanta na Sakkwato. Tsohon hoto ma yana ƙara masa ido. In ya ga tabo a huhu, tsohon ne zai nuna masa ko tabon sabo ne ko ya daɗe, ko yana girma ko yana tsaye. Wani lokaci zai ce sai an yi sabo, kamar in ana duba ko ƙashi ya haɗe. Wannan daidai ne, don ya ga na baya kafin ya yanke.

Hoton na majiyyaci ne, shi ya biya. Ya karɓa kafin ya bar asibiti, tare da takardar bayaninsa. In a faifai aka ba shi, kamar yadda ake yi da na sikanar, ya riƙe faifan. Kada a naɗe hoto, kada a ninke shi, kada a bar shi a rana ko inda ɗaki ke yoyo. A sa shi cikin ambulan ɗinsa, a sa a leda, a shimfiɗa a ƙasan akwati inda gara da ɓera ba sa kai. Mai babbar waya ya ɗauki hoton takardar ya ajiye.

In an ce a yi sabo, babu rashin ladabi mutum ya ce: "Malam, ga wanda aka yi mini watan jiya, ko zai isa?" Uban yaro kuma yana iya tambaya ko eko zai wadatar, ko kuma za a rage ƙarfin na'ura daidai jikin yaro, don na'urorin suna da wurin ragewa.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya riƙe lissafin gidansa duka. A buɗe shafin ƙarshe na karnen asibiti na kowane mutum, a ja layi huɗu. Layin farko kwanan wata. Na biyu sunan gari. Na uku wurin da aka ɗauka, kai ne ko ƙirji ko ciki ko ƙafa. Na huɗu irin hoton, radiyo ne ko sikanar ko eko. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya roƙi ma'aikacin da ya yi hoton ya rubuta masa nan take, kafin ya fita ƙofa.