Idan Likita Ya Ce "Sai Abu Mai Ruwa-Ruwa"

A yawancin asibitocinmu likita ba ya da lokacin dogon bayani. Yana zagayen safe, ya duba takardar majinyaci, ya ce a fara ba shi abu mai ruwa-ruwa, ya wuce gado na gaba. Kafin azahar kuwa an cika gefen gado: gwaggo ta zo da fura da nono, matar wa ta aiko da kunun gyaɗa mai shinkafa, abokai sun riƙo lemon kwalba da madarar gwangwani. Kowa a ganinsa umarnin likita ya bi. Alhali mai yiwuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da likitan yake nufi.

Abincin ruwa da ake ɗora majinyaci a kai iri biyu ne, kuma tazararsu babba ce. Na farko shi ne ruwa garau, wanda in an zuba shi a kofin gilashi ana hango abin da ke bayansa: ruwan sha, shayi ba madara, romon da aka tace tas aka kwashe maiƙonsa, ruwan tuffa marar tsaki, da ruwan gishiri da sukari. Manufarsa a hana jiki bushewa ba tare da an bar wani saura a cikin hanji ba. Na biyu shi ne mai ɗan kauri: madara, yogot, koko ko kunu da aka tace, miyar da aka markaɗa aka tace. Wannan ya fi riƙe ciki, shi ake ba wanda aka yi wa aiki a muƙamuƙi ko maƙogwaro, ko wanda ya tsallake matakin farko bayan tiyata. Fura mai gudaji, kunu mai ƙwayar shinkafa da farfesu mai tsoka ba sa cikin ko wanne, komai yawan ruwan da aka tsuga musu.

Wanda za a duba wa babban hanji da na'ura mai kyamara, yawanci ruwa garau ake ce ya sha a yinin da ke gabanin gwajin, tare da maganin wanke ciki. A nan ne zoɓo ke ɓata aiki. Garau yake, ba shi da tsaki, amma ja ne, kuma jan ruwa a cikin hanji yana iya kama da jini a idon mai dubawa. Shi ya sa ake hana duk abin sha mai launin ja ko shunayya. Idan hanjin bai wanku ba, ko dai a ɗaga gwajin a sake sabon lale da sabon kuɗi, ko a yi shi a kasa ganin abin da ake nema.

Maganar tiyata ta fi wannan tsanani. Ƙa'idar da likitocin sa barci suka fi bi ita ce a daina abinci marar nauyi da madara awa 6 kafin aiki, abinci mai maiƙo awa 8, ruwa garau kuma awa 2. Jariri mai shan nonon uwa awa 4 ne. In asibitinku ya ba da wani lokaci dabam, nasu za a bi. Dalili kuwa, mutumin da aka sa wa maganin barci ba ya iya tari ko kare maƙogwaronsa. In akwai abu a cikinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. Uwar da tausayi ya sa ta ɗan ba yaro shayi da madara a ɓoye da asuba, ta daure ta faɗa wa ma'aikatan jinya. Faɗan da za su yi mata da ɗage aikin sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Bayan aikin hanji kuma, irin wanda ake yi wa waɗanda taifot ta huda wa hanji, za ka ji nas tana tambaya kowace safiya: "Baba, an yi tusa?" Sai dattijo ya sunkuyar da kai, 'ya'yansa su kau da fuska. Ba raini ba ne. Fitar iska alama ce hanji ya farfaɗo ya koma aiki, kuma tana cikin abubuwan da likita ke dubawa kafin ya ƙara abin da za a ba shi. A amsa gaskiya. In an ce a fara da kurɓi-kurɓi, to kurɓin ake nufi, ba moɗa guda ba. Idan ciki ya kumbura ko amai ya taso, a dakata a kira ma'aikata.

Akwai wani kuskure da ya fi yawa a gida fiye da asibiti, wato game da mai shanyewar ɓarin jiki. Mutane na ɗauka tunda ba ya iya tauna, ruwa tsararo ne ya fi masa sauƙi. Sau da yawa akasin haka ne. Ruwa tsararo yana gudu da sauri, kafin maƙogwaron da ya raunana ya rufe hanyar iska ya riga ya zurara huhu, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu. Don haka ne likitoci kan ce a kaurara musu abin sha. A zaunar da shi a miƙe sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, sannan a bar shi a zaune kamar minti 30 bayan ya gama. In yana tari lokacin sha, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki, a tsaya. Ɗura kuwa, ko ga babba ko ga yaro, a bar ta kwata-kwata, haka ma zuba wa mai magagi ko wanda ya suma ruwa a baki.

Mai ciwon sukari kada ya fara wannan tsari sai ya tambayi yadda zai yi da maganinsa. In ya ci gaba da allurar insulin ko ƙwayoyinsa yadda ya saba alhali ba ya cin abinci, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin gida: gumi, rawar jiki, jiri, ruɗewa. In kuma ya dogara da lemon kwalba yini guda, sukarin ya haura. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya shi kuma sau da yawa ƙayyade masa ruwan ake yi, don haka "sha da yawa" da masu dubiya ke faɗa ba da shi ake ba. Kunun kanwa ma a yi hattara da shi. Kanwa cike take da sinadarin gishiri, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Ruwan gishiri da sukari, na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, a bi awon ruwan da aka rubuta a jikinsa, a zubar da abin da ya kwana ya wuni. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Nonon shanu a tafasa shi. Kunun da ya jima a kwano cikin zafin nan namu kada a ba wanda ba shi da ƙarfi.

Ruwa garau ba cikakken abinci ba ne, ba ya ba jiki ko rabin abin da yake bukata a yini, shi ya sa ba a wuce 'yan kwanaki a kansa. Wannan ya kawo mu ga masu ɗora wa kansu makonni na shan ruwan ganye da 'ya'yan itace don rage ƙiba ko "wanke ciki", saboda sun gani a TikTok. Tsoka ce ke zubewa tare da kitsen, kuma rama ta gaggawa tana jawo tsakuwa a matsarmama. Mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara ba su da hurumi a wannan ko kaɗan.

Duk wanda ke kan abincin ruwa a gida, in fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya fara sambatu, a koma asibiti a ranar. Kai kuma mai jinya, kafin likita ya bar bakin gadon, tare shi ka tambaya: wane irin ruwa, garau ko mai kauri, nawa a yini, har zuwa yaushe, kuma yaya za a yi da magungunan da ya saba sha? In ya wuce, nas tana nan. Abin da suka faɗa, ka sanar da duk mai shigowa da kwano.